TA'AZIYYA GA WANDA RUWA YA CI GONARSA

Ya ɗan'uwana mai karatu, wanda ya soma bin Yesu Kristi, ko kuwa mai neman sanin hanyarsa: Ina so in yi maka magana a kan baƙin ciki, gama na sani ba ka jahilce shi ba.

Mu mutanen ƙasar Kabi, gulbi ne abincinmu, gulbi ne kuma tsoronmu. Kogin Rima da na Sakkwato su kan haɗu, su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa cikin Kwara, su shayar da fadamun da mu ke noman shinkafa. Amma a damina ta 2010 ruwan ya fi ƙarfin bakin gulbi, ya ci garuruwa da gonaki. A watan Agusta da na Satumba na 2020 ya sāke yin haka: shinkafa ta kusa nuna, ruwa ya rufe ta, gidajen ƙasa suka zube, masu bashin taki suka rasa abin biya.

A wannan shekara wani saurayi da na ke koya wa karatun baftisma ya zo wurina da dare. Ya ce, "Malam, kawuna ya ce don na bar hanyar iyayena ne ruwa ya ci gonata. Ashe Allah fushi ya ke yi da ni?" Watakila kai ma an faɗa maka irin wannan magana, ko kuwa zuciyarka ta faɗa maka. To, ka kasa kunne.

Da fari, ka dubi ruwan kansa. Da ya zo, bai tambayi addinin mai gona ba. Ya ci ta Musulmi, ya ci ta Kirista, ya ci ta mai ibada da ta marar ibada. A cikin Bishara ta hannun Luka, sura 13, Ubangijinmu ya ambaci mutum 18 waɗanda hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya kuwa nuna a fili ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ya kira kowa da kowa ga tuba, amma bai yarda a auna zunubin mutum da girman masifarsa ba. Ayuba adali ne, duk da haka ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiyar jiki.

Na biyu, ka sani Yesu bai yi wa masu binsa alkawarin rumbu cike kowace shekara ba. Duk wanda ya gaya maka haka ya ruɗe ka. Alkawarinsa shi ne ba za ya rabu da kai ba. Shi kansa ya ji yunwa, an ƙi shi a garinsu, ya zub da hawaye a bakin kabarin abokinsa Li'azaru, ya sha azaba a kan gicciye, a rana ta uku ya tashi. Saboda haka in ka yi kuka, ba ka yi zunubi ba. Ka kai kukanka gare shi cikin addu'a, da irin maganar da ka iya, gama wanda ka ke yi wa kuka ya san ɗacin hawaye, ya kuma fi ƙarfin mutuwa.

Na uku, ta'aziyyar da Allah ya ba ka amana ce. Manzo Bulus, wanda jirgi ya fashe da shi a teku har sau 3, ya koya wa Korintiyawa a farkon wasiƙarsa ta biyu, cewa Allah ya kan sanyaya zuciyarmu domin mu ma mu sanyaya ta waɗansu. Ga yadda za ka yi:

1. Ka tafi da ƙafarka. Zumunta a ƙafa ta ke. Kada ka jira a aiko maka, kada kuwa ka ce gaisuwa ta waya ta isa in gidan yana kusa.

2. Ka zauna a tabarma, ka taƙaita magana. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce kome ba, a nan suka kyauta. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, sai suka ƙara masa ciwo, Allah kuwa ya tsauta musu. "Sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri" ya isa.

3. Kada ka tafi hannu wofi. In kana da kwano 2 na gero, ka kai 1. In ka tsira da irin shinkafa, ka ɗiba wa maƙwabcinka domin noman rani. In ba ka da kome, kana da ƙarfin jiki: ka kwaɓa ƙasa, ka taya shi ta da bango.

4. Kada ka zaɓi wanda za ka yi wa jaje. Sakkwato da Kabi sun daɗe suna gāba, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu cikin aminci, daga nan bikin kamun kifi ya kafu. In sarakuna sun iya ajiye gāba, kai da aka gafarta wa fa? Ka je gidan maƙwabcinka Musulmi da ladabi, kada kuwa ka mai da zaman makoki wurin gardamar addini.

5. Ka koma bayan mutane sun watse. Ranar farko gida cike ya ke. Bayan wata guda gwauruwa da marayu su kan zauna su kaɗai.

Saurayin nan da na faɗa maka, na ce masa ya tashi ya gai da kawun nasa, gama shi ma ruwa ya ci tasa gonar. Ya yi nauyin ƙafa, amma ya tafi, ya yi kwana 4 yana taya shi gyaran ɗaki. Kawun bai sāke addininsa ba, saurayin kuma bai sāke nasa ba, amma tun daga ran nan suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Ya ɗan'uwana, ka yi tunani yau: wane gida ne a unguwarku ke cikin ƙunci? Ka yi addu'a dominsu da sunansu, gobe da sassafe kuwa ka tafi. Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ka, ya sa ka zama sanyi ga zuciyar wani, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.