Gumin Wa, a Gonar Wa?

A watan Maris na 2009 wasu fitattun mawaƙa da masu gabatar da shirye-shirye su tara daga Birtaniya da Ireland suka hau Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mai mita 5,895, a arewacin Tanzaniya. Sun yi hawan ne da sunan gidauniyar Comic Relief, aka kuma tara sama da fam miliyan uku don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. An riƙa nuna su a talabijin suna haki, suna rawar ɗari, wasu har da hawaye. Jama'a suka tausaya, suka zura hannu aljihu.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne: mene ne haɗin wahalar mai hawan dutse da buƙatar yaron da sauro ke cizo? Gidan sauro ba ya ƙara ƙwari don wanda ya tara kuɗinsa ya yi amai a kan dutse. In taimakon ya cancanta, ya cancanta ko ba a hau komai ba. In bai cancanta ba, ƙololuwar dutse ba za ta mayar da shi alheri ba. Me ya sa sai mun ga wani ya jigata sannan hannunmu ke sakewa?

Wani zai ce wannan zancen Turawa ne. Mu a Rogo da Ƙaraye ba mu da dutsen da numfashi ke yankewa a kansa. Dutsen Dala da matakala ake hawansa, kafin shayi ya huce an kai sama. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, bai kai rabin Kilimanjaro ba. Amma ɗabi'ar ta iso mana ta wata ƙofa. A 2015 Suleiman Hashimu ya taka da ƙafa daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18, don cika alwashin da ya ɗauka a kan nasarar Muhammadu Buhari. Nasa ba tara kuɗin taimako ba ne, amma bayansa tattaki ya zama yayi, kuma mun koyi darasin: wanda ya wahalar da ƙafarsa a bainar jama'a, za a juyo a dube shi. Yanzu da neman taimako ya koma waya, hoton mara lafiya a sama lambar asusu a ƙasa, duk mai son a lura da nasa roƙon cikin dubun roƙo zai nemi abin da zai sa yatsa ya tsaya.

Kada mu raina wahalar. A ƙololuwar Kilimanjaro, iskar da mutum ke samu a kowane numfashi kusan rabin wadda yake samu a bakin teku ce. Ciwon kai ke fara zuwa, sai tashin zuciya da rashin barci. In abin ya yi tsanani ruwa kan taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma ana mutuwa. Ciwon ba ya jin kunyar ƙarfi, yakan kayar da ɗan ƙwallo ya bar dattijo, babban maganinsa kuwa a sauko. Tafiyar kwana biyar ce zuwa tara, zangon ƙarshe kuma da tsakar dare ake fara shi cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a gora. Wanda ya yi wannan ba wasa ya yi ba.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Christopher Olivola da Eldar Shafir, sun wallafa wani bincike a 2013 a kan wannan. Sun gano mutane sun fi yarda su ba da kuɗi mai kauri idan hanyar tarawar gudun mil biyar ce, fiye da idan taron cin abinci ne a lambu, alhali buƙatar ɗaya ce. A wani gwajin, waɗanda aka ce sai sun tsoma hannu a ruwa mai tsananin sanyi na minti ɗaya kafin su zuba kuɗi a asusun haɗin gwiwa sun fi zubawa da yawa. Wato zafin da ya kamata ya kore mu shi ke jawo mu, domin yana sa mu ji kyautar ta yi nauyi.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan dabara a sana'armu. A 1997 wani masani mai suna Adam Back ya fito da Hashcash don rage saƙonnin banza a imel: kafin kwamfuta ta aika saƙo, sai ta warware wani lissafi da ba shi da amfanin komai, illa ya nuna ta kashe lokaci da wuta. Mai saƙo ɗaya ba zai ji nauyin ba, mai son watsa miliyan zai ji a jikinsa. Daga baya Bitcoin ya ɗauki tsarin. Za mu iya kiransa shaidar aiki. Hawan dutse don sadaka shaidar aiki ce ta jini da tsoka. Mai hawan yana ce mana, ku dubi abin da na jure, ɗan damfara ba zai jure shi ba.

Sai dai duk wanda ya taɓa gina irin wannan tsari ya san iyakarsa. Lissafin yana tabbatar da an kashe wuta, ba ya tabbatar da abin da ke cikin saƙon gaskiya ne. Haka kanta a ƙafa ke nuna mutum ya yi tafiya, ba ta faɗin inda kuɗi ya kwana. A 2020, lokacin kullen korona, wani tsohon soja a Ingila, Kyaftin Tom Moore, ya zagaya lambun gidansa sau ɗari yana dab da cika shekara ɗari, aka tara sama da fam miliyan 32 don ƙungiyoyin tallafa wa asibitoci. Wannan kuɗin ya isa inda aka nufa. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, hukumar da ke sa ido a kan ƙungiyoyin agaji ta ƙasar ta bayyana a 2024 cewa wasu daga iyalinsa sun amfana da ita ta hanyar da ba ta dace ba. Tausayin da gumin dattijon ya jawo shi ya sa mutane suka daɗe ba su tambaya ba. Ga kuma abin da ba a cika rubutawa a allon talla ba: hawan Kilimanjaro yana cin dubban daloli, kuma a tsarin da yawa wani kaso na abin da aka tara shi ke biyan jirgi da tanti da abincin mai hawan.

Addininmu bai bar wannan batu ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya ga wani dattijo 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi, aka ce ya yi bakance ne zai tafi da ƙafa. Sai ya nuna cewa Allah ba ya buƙatar bawan nan ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Amma kuma ya zo cewa ya shaida wa Nana A'isha ladan umrarta gwargwadon wahalarta ne ko abin da ta kashe. A fahimtarmu ba su ci karo ba. Akwai wahalar da ke kan hanyar aikin, ba yadda za a kai gare shi sai an bi ta cikinta. Akwai kuma wadda aka ƙirƙira aka jingina a gefensa.

Mutanen karkara sun san ta farkon, sunanta gayya. In maigida ya kwanta ciwo ana tsakiyar noma, samarin unguwa kan ɗauki fartanya su shiga gonarsa. Suna shan rana, bayansu na ciwo, amma kowane ɗigon gumi a kan kunyar masararsa yake sauka. Ba a buƙatar a tambayi ina taimakon ya tafi, ga shi nan ciyawa ta kwanta. A hawan dutse gumin yana zuba a Tanzaniya, mabuƙacin yana wani wuri, tsakaninsu kuma sai amana.

Akwai ma wasu masu gumin da kyamara ba ta nema. Ba a hawan Kilimanjaro sai da ɗan jagora mai lasisi, kuma bayan kowane baƙo akwai 'yan dako, sau da yawa uku ko fiye. Ƙa'ida ta ce kada kayan da ɗan dako zai ɗauka su wuce kilo 20. Sukan tashi bayan baƙo, su naɗe tanti, su wuce shi a hanya da kaya a ka, su kafa masa wani kafin ya iso. Har ƙungiya aka kafa, KPAP, don bibiyar yadda ake biyansu da ciyar da su. Baƙon ya hau sau ɗaya an kira shi jarumi. Ɗan dakon zai sake hawa mako mai zuwa, sunan abin a wurinsa neman abinci. Mu ma muna da irinsu: matar da ke doguwar tafiya da jarka a ka don famfon ƙauyensu ya mutu, da mai naƙudar da ake ɗorawa a babur cikin taɓon damina. Wahalarsu ba ta motsa mu kamar ta mai hawan dutse, saboda ba su zaɓe ta ba. Mukan ɗauki wahalar da aka zaɓa a matsayin sadaukarwa, wadda aka tilasta kuma mu ce ƙaddara ce, mu wuce.

Duk da haka ba za mu ce a daina ba. Hankalin mutane kaya ne mai tsada, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Miliyoyin nan na 2009, da wuya a tara su da takardar roƙo kawai, yaron da ya kwana cikin gidan sauro kuma bai damu da yadda aka samo shi ba. Suratul Baƙara ta yaba sadakar bayyane, ko da ta fifita ta ɓoye, niyya kuwa ba mu ke duba ta ba. Abin da za mu iya dubawa shi ne na fili. Mai hawa ya biya kuɗin tafiyarsa daga aljihunsa. Kuɗin jama'a ya shiga asusun da ba shi kaɗai ke da iko da shi ba. Bayan hoton ƙololuwa ya kawo mana hoton rasit, har da na abin da ya biya 'yan dako. Mu kuma masu bayarwa, ranar da roƙo ya zo ba dutse ba tattaki, daga ungozomar da ke neman safar hannu da fitila, kada mu jira sai ta yi wani abin mamaki.

In kuwa wani matashi a cikinmu ƙafarsa na ƙaiƙayi, ba sai ya nemi tikitin Tanzaniya ba. Ya taso daga Rogo Ruma ya nufi Ƙaraye, ya bar kwalta ya bi ta ƙauyuka. Duk rijiyar burtsatsen da ya tarar ya tsaya ya buga hannunta, ya ɗauki hoto, wayarsa ta adana inda take, ya tambayi masu unguwa yaushe ta daina ba da ruwa da abin da ya lalace. Kafin ya hango ruwan madatsar Challawa zai kasance da jerin da mai gyara zai iya yi wa kuɗi ɗaya bayan ɗaya.