Mai Uwa A Bakin Murhu: Gadon Gida Da Rabon Ɗan Adam

 

Wani saurayi ya aiko wa wannan fili takarda, ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shi da wani abokinsa aji ɗaya suka yi tun daga firamare har suka ƙare sakandare, kuma abokin bai taɓa wuce shi a jarrabawa ba. Yau abokin nan ya gama jami'a, har wani aminin mahaifinsa ya ɗauke shi aiki, shi kuwa yana dako a kasuwa, domin a shekarar da ya sami gurbin shiga jami'a mahaifinsa ya kwanta ciwo, kuɗin rajista suka tafi wajen magani. Ya kai kukansa wurin wani dattijo, aka ce masa ya yi haƙuri, rabo ne. Ya kai wurin abokin, shi kuma ya ce masa ai kowa ya yi ƙoƙari zai samu. Tambayarsa ita ce: shin gidan da aka haifi mutum yana da hannu a cikin nasararsa? In yana da shi, to, ina adalci?

Ya kai ɗana, amsar tambayarka ta farko ita ce i, yana da hannu, kuma Musulunci bai taɓa ɓoye wannan ba. Tun kafin mu zo Hausawa suka ce mai uwa a bakin murhu ba ya cin tuwo gaya. A cikin Suratuz Zukhrufi Allah Ya bayyana cewa Shi ne Ya raba wa mutane abin zaman duniya, Ya fifita waɗansu a kan waɗansu domin su riƙa amfanar juna da aiki. Ke nan bambancin samu abu ne tabbatacce. Abin da ya rage mu sani shi ne ta wace hanya gida yake taimakon ɗa, da kuma abin da Allah Ya ɗora wa kowane ɓangare.

Gida yana bai wa ɗa gado iri biyu. Na farko shi ne dukiya. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya yi ciwo mai tsanani a Makka, ya nemi izinin ya yi wasiyyar sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (S.A.W.) ya hana shi. Ya nemi rabi, ya hana shi. Ya yarje masa sulusi kawai, ya kuma nuna masa cewa sulusin ma da yawa, domin ya bar magadansa da wadata ya fi ya bar su suna miƙa wa mutane hannu. Da a ce dukiyar uba ba ta da tasiri a kan makomar ɗa, da ba a yi wannan hani ba.

Dubi Imamu Buhari, wanda aka haifa a Buhara a shekara ta 194 bayan Hijira. Mahaifinsa Isma'ilu ya rasu yana ƙarami, amma ya bar masa dukiya ta halal, kuma da ita ya yi ta tafiye-tafiyen neman hadisi zuwa Hijaz da Iraƙi da Sham da Masar, ba tare da neman abinci ya katse masa karatu ba. A ƙasarmu ma haka abin yake. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya soma kasuwancinsa a 1977, ta wajen uwa jinin Alhaji Alhassan Ɗantata ne, attajirin Kano da ya rasu a 1955, kuma daga dangin mahaifiyarsa ya sami jarin farko. Faɗin wannan ba ya rage masa komai daga himmarsa. Gaskiya ce kawai cewa ya tarar da ƙofa a buɗe.

Gado na biyu shi ne tarbiyya, kuma ya fi na farko daɗewa a hannu. Hadisi ingantacce ya nuna cewa kowane jariri ana haihuwarsa a kan tsarkin halitta, iyayensa ne suke karkata shi zuwa addinin da suke bi. To, in har iyaye suna iya juya zuciyar yaro a sha'anin addini, ina ga ɗabi'a da sana'a da yadda zai yi mu'amala da mutane? Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa yana cika alkawari, yana jin mahaifiyarsa tana tilawa da asuba, ya sami wani jari wanda ɓarawo ba ya sacewa.

Abdurrahmani ɗan Aufu ya isa Madina hannu sake, domin ya baro duk abin da ya mallaka a Makka. Ɗan'uwansa na Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Bai daɗe ba ya tara abin da ya yi aure da shi, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan mawadatan sahabbai. Hijira ta raba shi da kuɗinsa, amma sanin saye da sayarwa da ya tashi da shi a cikin Ƙuraishawa ya biyo shi. Haka kuma Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ta tashi a gidan da ake karantar da mata kamar yadda ake karantar da maza, sai ga ta tana wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa, har ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji su kai wa matan ƙauyuka ilmi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To, amma kada wani ya ɗauka cewa gida shi ne ƙarshen magana. Wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa. Ɗan Annabi Nuhu a gidan annabci ya tashi, amma Suratu Hudu ta ba mu labarin yadda ya ƙi shiga jirgi, ruwa ya cinye shi. Muslimu ya ruwaito hadisin da yake nuna cewa wanda aikinsa ya jinkirta shi, nasabarsa ba za ta gaggauta shi ba. Kowannenmu ya san gidan da aka bar wa 'ya'ya gonaki da shaguna, shekara goma ba ta cika ba aka sayar da ƙofar zauren. Dukiyar da ba a haɗa ta da tarbiyya ba sau da yawa ita ce igiyar da take shaƙe mai gadonta.

A ɗaya ɓangaren kuma ga Imamu Shafi'i. An haife shi a Gazza a shekara ta 150, ya tashi maraya a cikin talauci, mahaifiyarsa ta kai shi Makka yana ƙarami. Ba su da kuɗin takarda, sai ya riƙa rubuta karatunsa a kan ƙasusuwa. Ya rasu a Masar a shekara ta 204 yana shugaban mazhaba. Mu lura da kyau, Shafi'i ya rasa gado na farko, amma bai rasa na biyu ba, domin Allah Ya ba shi uwa mai hangen nesa. Wannan albishir ne ga kowane talaka mai 'ya'ya: tarbiyya ba a sayen ta a kasuwa, tana hannun mai ɗaki ɗaya kamar yadda take hannun mai bene.

Yanzu mu koma ga amsoshi biyun da aka bai wa mai tambayarmu. Dattijon da ya ce rabo ne ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsaya a tsakiyar hanya. Imani da ƙaddara ginshiƙi ne na addini, babu abin da yake faruwa sai da sanin Allah da nufinSa. Amma Allah Ya sanya wa kowane abu sababi, Ya kuma umurce mu da riƙo da shi. Lokacin da Sayyidina Umaru ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. Saboda haka bai kamata mai hali ya ga yaro mai ƙwazo ya bar makaranta don rashin kuɗi, ya ce rabonsa ke nan, ya wuce ba. Wataƙila rabon yaron nan Allah Ya ajiye shi a aljihunsa ne, za a kuma tambaye shi.

Shi kuwa abokin da ya ce kowa ya yi ƙoƙari zai samu, muna jiye masa tsoron maganar Ƙaruna. Suratul Ƙasasi ta gaya mana cewa mutanen Ƙaruna sun yi masa nasiha ya kyautata kamar yadda Allah Ya kyautata masa, shi kuwa ya jingina dukiyarsa ga saninsa da wayonsa, ƙarshensa ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Ya kai ɗan mai hali, ba kai ka zaɓi cikin da ya ɗauke ka ba. Fitilar da ka yi karatu da ita, da abincin da ka ci kafin ka tafi makaranta, da likitan da aka kai ka wurinsa, da babban mutumin da ya ɗaga waya dominka, duka ni'imomi ne da ba guminka ya kawo su ba. Ƙoƙarinka gaskiya ne, amma a kan shimfiɗar wani ka yi shi. Ka gode wa Allah, ka rage fuka-fuki, ka waiwayi wanda kuka zauna benci ɗaya da shi.

Ina adalci kuwa? Adalcin Allah yana cikin abu biyu. Na ɗaya, ba Ya hisabi da abin da bai bai wa bawa ba, kuma ma'aunin ɗaukaka a wurinSa taƙawa ce, kamar yadda Suratul Hujurati ta tabbatar. Mus'abu ɗan Umairu ya tashi a cikin gata irin wanda samarin Makka ba su gani ba, ya bar shi duka don Musulunci, ya yi shahada a Uhudu a shekara ta 3, aka rasa likkafanin da zai rufe shi kai da ƙafa. Babu Musulmin da zai ce Mus'abu bai ci nasara ba. Na biyu, Allah Ya shar'anta hanyoyin da za su rage wannan rata tun a duniya. A cikin Suratul Hashri Ya bayyana hikimar rabon wata dukiya, cewa don kada arziki ya riƙa kewayawa tsakanin mawadata kaɗai. Ya wajabta zakka, ɗaya cikin arba'in na kuɗi da kayan ciniki idan sun kai nisabi shekara ta zagayo, da ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar. Ya raba gado da KanSa don kada ya taru a hannun babban ɗa. Annabi (S.A.W.) kuma ya ƙi yin shaida a kan kyautar da Bashiru ya yi wa ɗansa Nu'umanu shi kaɗai, ya umurce shi da yin adalci a tsakanin 'ya'yansa.

Magabata sun fahimci wannan, sun aikata. Abu Yusufa ɗan talaka ne, har neman abinci ya so ya raba shi da zauren karatu. Malaminsa Imamu Abu Hanifa, wanda yake ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi, ya lura da basirarsa, ya ɗauki nauyinsa da na iyalinsa. Yaron nan shi ne ya zama Alƙalin Alƙalai a zamanin Haruna Rashidu. Faɗimatul Fihriyya ta gaji dukiya daga mahaifinta, ta gina masallacin Ƙarawiyyina a birnin Fas a shekara ta 245, ga shi har yau ana karatu a cikinsa. Waɗannan sun mai da gatan gidansu ya zama gatan 'ya'yan wasu. A yau jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi. Ina ma kowane mai hali zai zaɓi yaro ɗaya a unguwarsu, ya tsaya masa har ya gama karatu ko ya ƙware a sana'a.

Ku kuma iyaye, ku ji tsoron Allah a kan amanar da ke hannunku. Kowane uba makiyayi ne, za a tambaye shi abin kiwonsa. Haihuwa ba tare da ciyarwa da karantarwa ba zalunci ne, kuma tura ƙaramin yaro wani gari da ƙoƙon bara ba tare da guzuri ko bibiya ba sauke nauyi ne a kan wanda bai isa ɗauka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tuna da marayu biyun nan na Suratul Kahfi, waɗanda Allah Ya tsare musu taskarsu a ƙarƙashin bango saboda mahaifinsu ya kasance salihi. Kyawun halinka ajiya ce ga 'ya'yanka ko bayan ranka.

Kai kuwa ɗana mai tambaya, kada ka bari hassada ta ci zuciyarka, kada kuma ka yanke ƙauna daga rahamar Ubangijinka. Dakon da kake yi halal ne, ya fi roƙo daraja. Ka riƙe amana, ka ajiye ɗan abin da ya samu, ka sake neman karatun nan ko da na yamma ne, ka kuma faɗa wa mutanen kirki buƙatarka ba tare da jin kunya ba. Ba ka zaɓi gidan da aka haife ka ba, amma da yardar Allah kai ne za ka gina gidan da za a haifi 'ya'yanka.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya sanya albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya buɗa wa wanda yake cikin ƙunci. Amin.