Inabin Gona Ɗaya

Karatu: Yohanna 15:1-8

Ƙaunatacce, a ƙasar Faransa akwai wata gonar inabi mai suna Romanée-Conti. Ba ta kai hekta 2 ba, amma jan ruwan inabinta yana cikin mafi tsada a duniya. Ba sha nake koya maka ba, darasi ne. Darajarsa ita ce ba a gauraya shi da na wata gona. In an matse 'ya'yan, ɗanɗanon ƙasar da ta raine su ne ke fitowa.

Mu ma muna cikin matsi. A Zurmi da Shinkafi 'yan bindiga sun raba manoma da gonakinsu, wasu sun gudo Ƙauran Namoda, rumbu wayam. A irin wannan lokaci ne wani zai raɗa maka: "Je majami'a, amma ɗaura wannan laya, maganin bindiga ce." Ɗan'uwa, gauraye ke nan. Yesu ne kurangar, kai reshe ne, kuma reshe ba ya rayuwa a jikin itace biyu.

Ran da aka matse ka, me zai fito?

Addu'a: Ya Uba, ko cikin tsoro, ka riƙe ni a jikin Yesu kaɗai. Amin.