Darasi na Tara: Sabon Gidan Giya da Ɗan'uwa Rarrauna

Karatu: Romawa 14:13-23. Mai jagora ya sa mutum biyu su karanta da murya, sa'an nan a shiga darasi.

1. Abin da ke gabanmu

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun zamanin kakanni mata suna jiƙa dawa, su bar ta ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa, su ajiye a tulu har ta yi tsami ta zama burukutu. Daga baya manyan kamfanoni suka zo. A 1949 aka fara yin giyar kwalba a Ikko, a 1963 kuma aka buɗe masana'anta a Kaduna. A 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, masu giya suka juyo kan dawarmu. Ƙananan gidaje kuma sun taso, irin Bature Brewery da ya fara a Abuja a 2017, masu dafa giya kaɗan-kaɗan.

In aka buɗe irin wannan gida a garinku, ba da daɗewa ba tambaya za ta iso ƙofar ikilisiya. Manomi zai ce, in sayar musu da dawata? Saurayin da ya gama makaranta ba aikin yi zai ce, in karɓi aiki wurinsu? Wataƙila ma a gayyaci dattijo ya yi addu'ar buɗewa. Lallai ne mu san abin da za mu amsa.

2. Abin da Littafi ya faɗa

Cikin Ibrananci akwai kalmomi biyu. Ta fari ita ce yayin, watau ruwan anab. Ta biyu ita ce shekar, wadda saiwarta ɗaya da kalmar buguwa. Ita ce ta fi kusa da giyarmu. An hana firistoci su sha ko ɗaya daga cikinsu sa'ad da za su shiga alfarwar sujada (Littafin Firistoci 10:9). Yohanna Mai Baftisma bai taɓa ɗanɗana su ba (Luka 1:15). Amma shari'ar Musa ta yarda Ba'isra'ile ya saye su domin idi (Kubawar Shari'a 14:26), Ubangijinmu kuma ya mai da ruwa ruwan anab a bikin Kana. Saboda haka kada mu ɗora wa Littafi maganar da bai yi ba.

Ga buguwa kuwa, Littafi bai yi sassauci ba ko kaɗan. Nuhu ya tsira daga rigyawa, ruwan anab na gonarsa ya kayar da shi tsirara cikin alfarwa. Belshazzar yana shaye-shaye da manyan fadawansa dubu, a daren nan mulkinsa ya ƙare. Bulus ya lissafta buguwa cikin ayyukan jiki (Galatiyawa 5:21). Annabi Habakkuk ya yi kaito ga wanda ya ke bugar da maƙwabcinsa (2:15). Ku lura: wannan kaito na mai bayarwa ne.

3. Ma'aunin Bulus

A Roma masu bi sun rabu a kan ci da sha. Waɗansu suna da ƙarfin bangaskiya, suna cin kome. Waɗansu lamirinsu yana kā da su. Bulus ya yarda masu ƙarfi suna da gaskiya, duk da haka ya ce musu su dubi ɗan'uwan da Kristi ya mutu dominsa. In cinka ko shanka ya sa shi tuntuɓe, ka bar tafiya cikin ƙauna.

Wane ne rarrauna a cikinmu? Shi ne mutumin da ya bar gidan burukutu ya karɓi baftisma, har yau kuwa maƙogwaronsa yana tuna hanya. Ita ce matar da rumbun gidanta ya ke ƙarewa tun kafin bazara, gama maigida ya auna dawa ya kai wa mai dafawa. Shi ne yaron da ke duban dattijo domin ya koyi yadda mai bi ya ke tafiya. In waɗannan sun ga dattijo yana ɗaga hannu a kan tukunyar giya, me za su ɗauka? Icen da ya faɗi a hanya, mai ƙarfi ya kan tsallake, makaho ne ya ke karyewa.

Manomi da saurayi su kawo sha'aninsu gaban Ubangiji da wannan ma'auni, gama Bulus ya koyar cewa abin da mutum ya yi da shakka a zuci zunubi ne a gare shi. Ikilisiya kuma tana da nata kaya. Akwai gwauruwa da ke dafa burukutu domin kuɗin makarantar 'ya'yanta. In muka ce ta bari, ba mu ba ta jarin ƙosai ko kunun zaki ba, mun zama irin waɗanda Yaƙub ya tsauta musu, masu sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai.

4. Tambayoyi

(a) Mene ne bambancin yayin da shekar?
(b) Don me Bulus ya roƙi masu ƙarfi su bar abin da ya halatta gare su?
(c) In an gayyaci ikilisiyarku bikin buɗewa, wace amsa za ku bayar, da wane irin harshe?
(d) Wane taimako za ku yi wa mai neman barin wannan sana'a kafin kaka?

Ayar haddacewa: Romawa 14:21.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai ne ka ke ba mu damina da kaka. Ka koya mana mu riƙe amfanin gonarmu da tsoronka. Ka ƙarfafa waɗanda giya ta ɗaure, ka tsare ƙafafunmu kada su zama sanadin faɗuwar wani. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.