Katin gaisuwa da haƙƙin maƙwabci

Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a kan wannan magana ya gina gaisuwarsa. Barkar haihuwa, gaisuwar mutuwa, jajen gobara, barka da salla, duka da ƙafa ake kai su, a tuɓe takalmi a ƙofar zaure, a durƙusa, a tambayi gida da gajiya. Katin gaisuwa baƙo ne a cikin wannan tsari. Lakwal da mishan da gidan waya ne suka shigo da shi ƙasar Hausa. Asalin katin Kirsimeti ma ba mai nisa ba ne: a shekarar 1843 wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti guda 1000 a birnin Landan, shekara uku bayan an sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a Ingila. Zanen da ke jiki na iyali ne zaune a kan abinci, a gefe kuma ana ciyar da mabukata ana tufatar da su. Katin da hukumar UNICEF ta fara bugawa a 1949 shi kuma zanen wata yarinya ce ƴar shekara 7 daga Cekoslobakiya, wadda ta yi shi don godiya ga taimakon da ƙauyensu ya samu bayan yaƙi.

A yau wayar salula ta kusa binne katin shago. Ranar salla ko sabuwar shekara hoto ɗaya sai ya zagaya wayoyi ɗari ta WhatsApp, wanda ya tura bai karanta ba, wanda aka tura wa bai buɗe ba. Katin da ya rage da rai shi ne na hannu, wanda ƴan lakwal ke yankawa da almakashi a darasin aikin hannu, ko wanda ƙungiyoyin al'adu ke sa gasa a kansa. Shi wannan saƙo ne da ya ɗebo wani abu daga zuwa da kai, domin mai shi ya ɓata yini a kansa, hannunsa ya yi baƙi da tawada, kuma tun daga yankan farko har zuwa layin ƙarshe mutum ɗaya yake tunawa.

A nan ne tambayar take. A ɗauka wata ƙungiya a Madarunfa ta shirya gasar kati a watan Disamba, ta ba yara jigo, ta ce kowa ya yi wa wani gaisuwar ƙarshen shekara. A ajin mai yara sittin ko fiye, wataƙila biyu ne Kirista. Ɗayansu ya zana tauraro da makiyaya da jariri kwance a komin dabbobi, ya rubuta aya daga Littafi Mai Tsarki. Wata yarinya Musulma kuma tana so ta yi wa ƙawarta katin Nowel, amma ba ta san ko ya halatta ba. Mushe zai rataye katin yaron a bango tare da sauran, ko zai ɓoye shi a aljihun tebur don gudun magana? Yarinyar kuma, zai ƙarfafa ta, ko zai hana ta? Takarda ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, amma amsar da aka ba waɗannan yara za su girma da ita.

Ba a iya auna nauyin tambayar sai an dubi ƙasar da aka yi ta. Madarunfa gari ne na tabki da waliyyai 99 da ake ziyartar kaburburansu a lokacin Mauludi, kuma Musulunci ya ratsa kowane gida. Bisa ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma a jihar Maraɗi ba baƙi ba ne. Ƴan mishan na SIM sun zauna a Tsibiri tun shekarun 1920, an fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa a 1932, kuma akwai gidajen Hausawa da suka yi kaka da jika a cikin majami'a. Asibitin kutare na Danja, a kan hanyar Ɗan Isa, tun shekarun 1950 yake karɓar marasa lafiya ba tare da duba addininsu ba, a 2012 kuma aka buɗe sashen matan da ke fama da yoyon fitsari a can. A 2001 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Maraɗi. Wannan zama yana da tabonsa. A watan Nuwamba na 2000 zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta kai ga far wa majami'a a Maraɗi. A Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. A Yunin 2019 an sake cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Yawancin masu ɗaukar ashana a irin waɗannan ranaku matasa ne, kuma da yawansu sun taɓa zama a kan bencin lakwal.

Masu ƙin katin suna da hujja, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya rarrabe a littafinsa na hukunce-hukuncen ahlul zimma tsakanin taya wanda ba Musulmi ba murnar aure ko haihuwa ko samun lafiya, da taya shi murnar ibadarsa, ya kuma haramta ta biyun. Malamai da yawa na yau a kan haka suke. Dalilinsu shi ne gaisuwar biki tana ɗauke da amincewa da abin da ake bikin. Bambancin kuwa na gaske ne: Musulmi yana girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryam, wadda aka sa wa sura ta 19 ta Alƙur'ani sunanta, amma bai yarda Isa ɗan Allah ne ba, bai kuma yarda an gicciye shi ba, alhali a kan waɗannan biyu bangaskiyar Kirista ta tsaya. Ƙari a kan haka, Musulmi ba ya zana siffar annabi. Saboda haka yaron da ya ƙi zana jariri a komi ko gicciye ba taurin kai yake yi ba, abin da aka koya masa a gida da makarantar allo yake riƙewa.

Wasu malaman sun duba al'amarin ta wata fuska. Yusuf al-Ƙardawi, wanda ya rasu a 2022, da hukumar fatawa ta Masar sun halatta gaisuwar biki ga Kiristan da ake zaman lafiya da shi, suna dogara da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana, wadda ba ta hana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba. Suna kuma tuna cewa hijirar farko ta Musulmi wajen Najjashi, sarkin Habasha Kirista, aka yi ta, kuma wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yawaita a kan maƙwabci ba ta ware addinin maƙwabcin ba. A ɓangaren Kirista ma, misalin Basamariye a Linjilar Luka amsa ce ga mai tambayar wane ne maƙwabcinsa, kuma wanda ya tsaya ya ɗaure raunin ba ɗan ɗariƙar mai raunin ba ne.

Malamin lakwal ba mufti ba ne, shugaban ƙungiyar al'adu ma haka. Saɓanin da ya gagari malaman ƙarni bakwai ba a aji za a yanke shi ba. Abin da ke hannunsu shi ne su fahimci mene ne kati. Shahada magana ce da mutum ke yi a kan abin da ya gaskata. Gaisuwa kuwa magana ce da yake yi a kan wanda ke gabansa: na gan ka, na san yau ranarka ce, ina so ka wanye lafiya. Matan unguwa sun daɗe da gane wannan ba tare da littafi ba. Ranar babbar salla naman layya yana tsallaka katanga zuwa gidan Kirista, ranar Kirsimeti kwanon shinkafa yana dawowa ta wannan hanya, kuma babu wadda ta taɓa ɗauka cewa mai aiko kwanon ta canja alƙibla. Katin hannu ƙanen wannan kwano ne. Wanda ya dafa abinci don maƙwabci sai ya san abin da maƙwabcin ke ci da wanda ba ya ci, haka mai yin kati sai ya san ranar bikin, da sunansa, da kalmar da za ta faranta wa mai shi rai. Wannan sanin shi ne ribar aikin. Yaron da ya zauna awa biyu yana tunanin abin da zai yi wa abokinsa daɗi, da wuya gobe ya ga gidan abokin a matsayin gidan da ake jifa.

Idan aka yarda da haka, hanyar da malami zai bi ta fito. Katin yaron Kirista a rataye shi inda aka rataye sauran, a auna shi da mudun da aka auna su: tsabtar yanka, daidaiton launi, kyan rubutu. Ɓoye shi a aljihun tebur darasi ne mai muni ga ɓangarorin biyu, domin shi yana koyon cewa abin da ake yi a gidansu abin kunya ne, sauran kuma suna koyon cewa yawansu ya ba su ikon share wanda bai kai su ba. Ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a Nijar kamar ranakun salla. Abin da ƙasa ta rubuta a kalandarta bai kamata bangon aji ya ƙi shi ba.

Haka nan kada a tilasta wa kowane yaro zana alamar da zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Jigon gasa ya zama mai faɗi, kamar gaisuwa ga maƙwabci ko godiya ga wanda ya yi wa mutum alheri, ta yadda ɗan Musulmi ba zai zaɓa tsakanin maki da imaninsa ba, ɗan Kirista ma haka idan gasar ta faɗo a kan Mauludi. Gaisuwar dole ba gaisuwa ba ce. Yarinyar da ke son gai da ƙawarta kuwa, idan iyayenta sun yarda, tana da abin zanawa ba tare da ta taɓa gicciye ko siffar annabi ba. Ga dagi, ga zanen ƙwarya, ga tabkin garinsu da jiragen masunta da tsuntsayen da ke sauka a bakinsa, ga irin adon da ake yi wa allon zayyana a gefe, muddin ba a ɗauko aya an ɗora ba. Ta rubuta sunan ƙawar da kyau, ta ce Allah ya ba da lafiya da zama lafiya. Ba ta faɗi abin da ba ta gaskata ba, ƙawar kuma ta san an tuna da ita. Wanda iyayensa suka bi fatawar hani shi ma a bar shi, ya yi wa kakarsa kati ko wani majinyaci, kada a nuna shi da yatsa.

Saura haɗarin da ke cikin gasar kanta. Kyauta da gasa ba su cika shan inuwa ɗaya ba: mai kyauta yana duban wanda zai ba, mai gasa yana duban alƙali. Idan aka yi sakaci, sai yara su koma yi wa alƙalai kati, ɗan mai hali ya sayo takarda mai ƙyalli daga kasuwar Maraɗi ya lashe, katunan kuma su ƙare a kwali su sha ƙura. Maganin wannan abu biyu ne. Na farko, a ƙayyade kayan aiki ga abin da kowane gida ke iya samu: kwalin sukari, ƙyallayen atamfa daga shagon tela, kaba, ƙaro a madadin gam, tawadar allo, ja daga karan dafi irin na dukawa, kore daga ɗanyen ganye. Na biyu, kowane kati ya zama yana da mai shi tun kafin a fara yanka, kuma bayan an raba kyaututtuka yaro ya ɗauki abinsa ya kai da ƙafarsa, ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu. A nan ne baƙon da ya zo daga Landan zai zama ɗan gida, saƙo da zuwa da kai su haɗu a ƙofar zaure ɗaya.

Wani zai ce wannan duk ƙaramin abu ne, takarda ba ta kashe gobara. Gaskiya ne. Amma ranar da gari ya rikice ba a samun lokacin koya wa kowa haƙƙin maƙwabci, abin da aka riga aka shuka ne ke tsirowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malami yana da yaro na wata tara a shekara, ƙungiya tana da shi a ranakun hutu, kuma cikin abubuwan da za su iya sa masa a hannu akwai almakashi, da kwali, da sunan wani yaro da ba a gidansu yake ibada ba. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya shirya zuri'a.