Dodon da ke Bakin Ƙofa

A gidajenmu akwai wata ƙarya da ba a sa ta a lissafin ƙarya. Lokacinta biyu ne: idan an ajiye kwanon tuwo yaro ya rufe baki gam, da idan ƙarfe 9 ta wuce yana ta tsalle a kan katifa. A nan ne dodo yake zuwa bakin ƙofa, likita ya ɗauko allura, wayar da ke cike da caji kuma a ce ta mutu.

Ba mu kaɗai ba ne. A wani bincike da Gail Heyman da abokan aikinta suka wallafa a 2013, kashi 84 na iyayen da aka tambaya a Amurka, da kashi 98 a ƙasar Sin, sun amsa cewa suna yi wa 'ya'yansu ƙarya don su bi umarni. Yawan masu yi dai ba ya halatta abu. Tambayar tana nan: ko ƙanƙantar wanda aka yi wa ƙarya tana rage mata nauyi?

Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya rubuta a 1797 cewa ƙarya ba ta halatta ko da ga mai kisan kai da ya zo neman abokinka. Mutane da yawa suna ganin ya zafafa, balle uwar da ta yini a tsaye, an ɗauke wuta, ga zafi ga sauro, ga makaranta da sassafe. Amma ba sai mun je Jamus ba. Abu Dawud ya ruwaito labarin mahaifiyar Abdullahi bin Amir, da ta kira shi yana yaro da alkawarin za ta ba shi wani abu. Annabi (SAW) ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Dabino ne fa kawai, kuma yaro ne ƙarami.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan dabara. Aiki ya ƙi tafiya, lokaci ya ƙure, sai a yi masa faci, ya tashi. Facin yana aiki, shi ya sa ake sonsa. Sai dai bashi ne, kuma ranar biya ba ta sallama. Dodo ma haka yake: yau ya sa yaro barci cikin minti biyar, gobe yaron nan ba zai fita tsakar gida shi kaɗai ya yi fitsari ba. Allurar da aka tsorata shi da ita a kan tuwo, ita ce zai tarar a asibiti ranar riga-kafi, a lokacin kuma mu ne za mu ce masa babu komai, ya yarda da mu.

Yarda ɗin nan ana iya auna ta. A Jami'ar Rochester, Celeste Kidd ta gwada yara 'yan shekara 3 zuwa 5. An yi wa dukkansu alkawarin kayan zane masu kyau, aka cika wa rabi, aka saɓa wa rabi. Daga nan aka ajiye wa kowa alewa ɗaya, aka ce wanda ya jira zai sami biyu. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, sauran kimanin minti 3. Abin da muke kira rashin haƙurin yaro, wani lokacin lissafi ne ya yi da maganarmu.

Za a ce, ai kakanninmu ma da dodo suka rene mu. Gaskiya ne, amma dodon tatsuniya daban yake. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita, yaro ya san Gizo da Ƙoƙi a cikin labari suke, kuma yana jin tsoron ne yana kwance a jikin mai ba da labarin. Dodon bakin ƙofa kuwa an fito da shi daga labari an ajiye shi a gidan da yaron yake kwana.

Wajen abinci akwai mafita. Ellyn Satter, masaniyar abinci Ba'amurkiya, ta raba aikin gida biyu: iyaye su zaɓi abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro ya zaɓi ko zai ci da yawan da zai ci. Wannan yana da wuyar haɗiya a gidan da kaka za ta leƙa kwano ta ce an bar mata jika da yunwa. Barci ya fi wuya, don babu mai iya ɗura shi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu kashe fitila, mu karɓe waya, mu ce ba za a ba da ita ba don dare ya yi. Za a yi kuka, wataƙila na rabin awa. Ɗan shekara huɗu na yanzu dama ya san alamar batir, yakan juya wayar ya duba.