Wa Ya Yi Wa Yaran Gaisuwa?

'Yan'uwana mata, tambaya gare ni. In an yi rasuwa, matar mamaci tana da takabarta, wata huɗu da kwana goma, ana shigowa ana ba ta baki. Maza suna ƙofar gida kan tabarmi. To yaran fa? Su ne 'yan aike, ɗauko buta, kai kwano. Wanda ya ɓare baki a daka masa tsawa, "Kul! Addu'a za ka yi masa, ba kuka ba."

Shekarata goma sha ɗaya Inna ta rasu. Daga ranar sadakar bakwai ban sake jin an ambaci sunanta a gidanmu ba, wai kada a fama min ciwo. Wallahi shirun ya fi mutuwar cina.

Abin da ya tono min wannan, wata ƙawata ce a Nassarawa G.R.A. da mijinta ya rasu a mace-macen da aka yi a Kano cikin Afirilun 2020. Gida ga katanga ga maigadi, babu abin da yaran suka nema suka rasa, amma ƙaramar ta koma fitsarin kwance, babban ya daina magana. Sai ta shiga tara su duk Asabar da 'ya'yan wasu zawarawa biyu, tare da wata malama mai ilmin halayyar yara. Babu wa'azi, babu dole. Wani ya zana babansa, wata ta zo da ɗankwalin uwarta. Dangin miji suka ce rashin tawakkali ne, kuma al'adar Turawa.

E, Turawa suna yi. A birnin Fotlan na Amurka akwai cibiyar Dougy, tun 1982 wannan ne aikinta. Amma rashin tawakkali? Manzon Allah (S.A.W.) yana shekara shida mahaifiyarsa Amina ta rasu a Abwa. Da girmansa ya ziyarci kabarinta, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi. Wa ya kai shi haƙuri?

Ban ce zaman ba shi da haɗari ba. Yaro ba ya riƙe magana, asirin gida yana iya fita, shi ya sa sai da babba mai amana.

Na je sau ɗaya, kallo kawai. Wata 'yar shekara takwas ta dube ni ta ce, "Anti, ke ya sunan taki?" Sai da na haɗiye yawu sau biyu kafin na ce mata Hauwa'u.